Wane ma'aunin zafi mai araha ne ya dace da mai dafa giya a gida?

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Jos ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya soma dafa giya a gida, kimanin lita 20 a kowace dahuwa, yana amfani da tsiron dawa irin wanda ya ga kakarsa tana yin burukutu da shi, sai dai shi yana ƙara furen hops, wanda ke sa giya ɗaci da ƙamshi, da busasshen yis na fakiti. Matsalarsa ita ce dahuwa biyu ba sa fitowa iri ɗaya: wata rana ta yi zaƙi da kauri, wata rana ta yi tsararo, sau ɗaya kuma ta fito da wani wari mai hawa kai. Da yatsa yake gwada zafi. Yanzu wani mai shago ya yi masa tallar ma'aunin nan mai kama da bindiga, wanda aka riƙa haska goshin mutane da shi lokacin korona, shi ne yake tambaya ko ya saya, ko akwai wanda ya fi shi a kan kuɗi kaɗan.

Ɗan'uwa, kada ka sayi wannan mai kama da bindiga. Abin da ya dace da kai shi ne ɗan ƙaramin ma'auni mai batir da dogon tsinken ƙarfe, irin na masu gasa nama da masu kek, tare da siririyar takardar nan mai sauya launi da ake liƙawa a jikin bokiti. Kafin ka yarda da ko wanne daga cikinsu, sai ka gwada shi da ƙanƙara da tafasasshen ruwa. Na yi shekaru a ɗakin gwaji na wata masana'antar sarrafa tsiron hatsi, kuma abin da na gani a can shi ne ma'aunin da aka gwada aka san kuskurensa ya fi mai tsadar da aka ɗauka da amana kawai. Batun halacci ko haramcin giya ba shi aka tambaye ni ba, kowa ya san matsayin addininsa. Mai yin kunun zaƙi da tsiro da mai yin yogot ma za su iya ɗaukar duk abin da zan faɗa.

Sai ka fara sanin inda ake buƙatar ma'aunin, domin shi zai nuna maka irin wanda za ka nema. Wurare uku ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Na farko, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne lokacin da aka kwaɓa niƙaƙƙen tsiro da ruwan zafi aka bar shi ya zauna. A cikin tsiro akwai sinadarai biyu masu mayar da sitaci sukari. Ɗaya, wanda masana ke kira beta-amilas, ya fi aiki tsakanin digiri 60 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyos, yana fitar da sukarin da yis ke iya cinyewa tas, kuma da zarar zafi ya doshi 70 sai ya mutu cikin ɗan lokaci. Ɗayan, alfa-amilas, ya fi son digiri 68 zuwa 72, yana yanka sitaci manya-manya, ya bar gutsattsarin da yis ba ya iya ci, waɗanda su ne ke ba abin sha kauri da ragowar zaƙi. Saboda haka masu dafawa da tsiron sha'ir suke tsayar da kwaɓinsu tsakanin digiri 64 da 68 na tsawon awa guda. Wanda ya tsaya a 64 zai samu abin sha marar kauri mai ƙarfi, wanda ya tsaya a 68 ko 69 zai samu mai kauri da zaƙi. Tazarar duka digiri huɗu ce ko biyar, kuma babu yatsan da zai iya rarrabe ta, domin ruwan da ya kai 60 ma ba a iya barin hannu a cikinsa. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da dahuwarka take sauya hali.

Kai da kake aiki da dawa lamarinka ya fi na mai sha'ir tsanani. Sitacin sha'ir yana kumbura ya buɗe a wajajen digiri 60 zuwa 65, daidai inda sinadaran suke aiki, don haka a tukunya ɗaya a zafi ɗaya ake gama komai. Sitacin dawa kuwa sai zafi ya haura 70 yake buɗewa sosai, a daidai lokacin da beta-amilas ya riga ya mutu, ga shi kuma da ma tsiron dawa ba shi da shi da yawa. Wannan ce matsalar da manyan kamfanonin giya na Najeriya suka yi fama da ita bayan da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, suka koma ga dawa. Mata masu burukutu sun daɗe da warware ta ba tare da ma'auni ba: su kwaɓa garin tsiro da ruwa mai ɗumi, su bar shi ya kwanta, su tsiyaye ruwan sama su ajiye gefe, su dafa gasarar ƙasa har ta yi kauri, sannan su mayar da ruwan da suka tsiyaye. Sinadaran suna cikin wancan ruwan saman, an kuɓutar da su daga wuta. Lokacin haɗa su ne ma'auni yake biyan kuɗinsa, domin idan ka zuba ruwan a kan gasarar da ba ta huce ba, ka kashe abin da ka wahala wajen ajiyewa, idan kuma ka bari ta yi sanyi da yawa, aikin zai yi ta jan ƙafa har tsami ya riga shi. Abin da kake nema shi ne bayan haɗawa da juyawa kwaɓin ya tsaya a wajajen 63 zuwa 66.

Wuri na biyu shi ne bayan an tafasa ruwan zaƙin an huce shi, lokacin zuba yis. Yawancin busasshen yis na fakiti da ake sayarwa don irin wannan giya ya fi son digiri 18 zuwa 22, kuma a nan kuskuren digiri ɗaya ko biyu ba ya ɓata komai. Abin gudu shi ne a zuba shi cikin ruwan da ya kai 40 ko fiye. Wuri na uku shi ne kwanakin da yis ke aiki a cikin bokiti. Yis yana fitar da zafi da kansa, ta yadda a kwana na biyu da na uku cikin bokiti yakan fi iskar ɗakin zafi da digiri biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye. Warin nan mai hawa kai da ka ambata, mai kama da na maganin goge jan farce, alamar yis ne da ya yi aiki cikin zafin da ya wuce ƙa'idarsa. Tafasa ita kanta ba ta buƙatar ma'auni, ido yana ganinta.

Dalilin da ya sa na hana ka mai kama da bindiga shi ne fatar abu kawai yake gani. Yana karanta zafin da saman abu ke fitarwa, don haka idan ka haska kwaɓi, zafin fuskar da iska ke fifitawa zai ba ka, alhali tsakiyar tukunya ta fi haka da digiri da yawa. Tururi yana rikita shi, kumfa tana rikita shi, jikin tukunyar silba mai sheƙi kuma ƙarya tsagwaronta yake sa shi faɗa. Bugu da ƙari, waɗanda aka yi don goshi an tsara su ne a kan zafin jikin ɗan Adam, da yawansu in ka wuce digiri 43 sai su nuna alamar kuskure kawai. Haka ma ma'aunin asibiti na hammata, iyakarsa ke nan, ko da yake yana da wani amfani da zan zo kansa.

Na gilashi iri biyu ne. Mai zaiba, wato mai farin ruwan ƙarfe a ciki, kada ya kusanci tukunyar abinci ko kyauta aka ba ka, domin in ya fashe, dahuwar da tukunyar duka sun tashi aiki, kuma zaiba guba ce. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ma ta sa ƙasashe suna janye irinsa daga kasuwa. Mai jan ruwa ko shuɗi ba shi da wannan guba, ana samunsa da araha a shagunan kayan ɗakin gwaji na makarantu, yawanci daga digiri 10 ƙasa da sifili zuwa 110, ba ya cin batir, kuma in mai kyau ne yakan shekara da shekaru bai sauya ba. Aibinsa shi ne jinkiri, sai ka jira minti guda ko fiye, ga wahalar karanta ƙananan layuka cikin tururi, ga shi gilashi ne siriri a kusa da muciya. Ni ina ajiye irinsa a cikin kwalinsa don gwada sauran da shi, ba na sa shi a kwaɓi.

Akwai mai fuskar agogo da allura, wanda wasu ke ɗaurawa a jikin tukunya. A cikin tsinkensa akwai naɗaɗɗen ƙarfe mai ɓari biyu da ke murɗewa idan ya ji zafi. Yana da ƙwari, ba ruwansa da batir, amma sai an nutsar da tsinken kamar santimita biyar ko fiye kafin ya faɗi gaskiya, kuma faɗuwa ɗaya a ƙasa takan gusar da allurar. In za ka saye shi, juya bayansa ka duba ko akwai ɗan noti a gindin tsinken, wanda ake murɗawa da sifana a daidaita shi. Wanda ba shi da wannan noti ka bar wa mai shago kayansa. Ka kuma duba rabon layukan: idan kowane layi digiri biyu ne ko biyar, ba zai iya nuna maka bambancin 64 da 66 ba.

Sai mai batir da tsinke, wanda na ce ka saya. Mafi arha su ne irin waɗanda ake rubuta wa TP101 ko TP300, ƙirar Sin, masu cin ɗan batirin agogo LR44, kuma dala kaɗan ne kuɗinsu. A jikin kwalin za ka ga an rubuta suna auna daga digiri 50 ƙasa da sifili zuwa 300, da kuskuren digiri ɗaya sama ko ƙasa. A ɗaya ƙarshen kasuwar akwai Thermapen da ake ƙerawa a Ingila, wanda ke ba da amsa cikin daƙiƙa guda da kuskuren da bai kai rabin digiri ba, amma kuɗinsa yana kaiwa wajen dala 100. Kayan kirki ne, ban musa ba, sai dai abin da kake biya a kansa sauri ne da juriya, kuma kwaɓin da zai zauna awa guda ba ya gaggawar da jiran daƙiƙa goma sha biyar zai cutar da shi. In kana da ɗan hali, tsaka-tsakin su ne masu naɗewa kamar wuƙar aljihu da aka rubuta wa IP65 ko IP67, wato ba sa jin feshin ruwa ko ɗan nutsewa, wasunsu kuma suna da maɓallin daidaitawa. A wurina wannan kariyar daga ruwa ta fi sauri cancantar ƙarin kuɗi, domin tururi ne ke kashe yawancin masu arha: ya shiga ta gefen gilashin lambobin, ya kwanta a ciki, wata rana ka ga lambobi suna rawa.

Abubuwa biyu suke yaudarar mai saye. Na farko shi ne ɗigon da ke bayan lamba. Ma'aunin da ya nuna 65.3 bai yi maka alkawarin cewa zafin 65.3 ne ba. Ya nuna ne kawai yana iya rubuta kashi ɗaya cikin goma na digiri. Alkawarin yana cikin ƙaramin rubutun da ke cewa kuskurensa digiri ɗaya ne ko biyu, kuma mai kuskuren biyu idan ya nuna 66, gaskiyar tana ko'ina tsakanin 64 da 68, wato dukkan tazarar da kake ƙoƙarin zaɓa a cikinta. Na biyu shi ne tsawon tsinke. Ka nemi wanda ya kai santimita 15 aƙalla, domin gajere zai tilasta maka kai hannu da kan ma'aunin cikin tururi, kuma ba zai isa tsakiyar kwaɓin lita 20 ba.

Zan ja kunnenka a kan masu doguwar waya, waɗanda ake tura tsinken cikin tanda a bar akwatin lambobin a waje. Suna da ban sha'awa saboda suna da ƙararrawa kuma kana iya barin su a ciki, amma mahaɗar waya da tsinken ba a toshe take ba a yawancinsu. Ya taɓa faruwa da ni a wani gwaji da na yi a gida: tsinken ya zame ya nutse har wayar, ban lura ba, ma'aunin ya ci gaba da nuna 71, ni kuma na yi ta zuba ruwan sanyi ina juyawa ina mamakin taurin kan wannan kwaɓi. Sai da na sa na gilashi na ga 57. Na ciro tsinken na ajiye a kan tebur, yana nan yana nuna sittin da wani abu a cikin iskar ɗaki. Ruwa ne ya shiga mahaɗar. Ya bushe bayan kwana biyu ya dawo hayyacinsa, amma dahuwar ranar ta riga ta tafi. In dole sai irinsa, ka rataye shi yadda mahaɗar ba za ta taɓa ruwa ba.

Yanzu gwajin da na ce shi ne ginshiƙi. Ka samu ƙanƙarar fiya wata guda biyu, ka naɗe su a tsumma mai tsabta ka farfasa su ƙanana, ka cika kofi da su har baki, sannan ka zuba ruwan sanyi kaɗan, iya wanda zai cike ramukan da ke tsakaninsu ba tare da ƙanƙarar ta taso tana yawo ba. Ka juya, ka jira minti biyu ko uku, ka sa tsinken a tsakiya kana ɗan motsa shi, kada ya taɓa gindi ko gefen kofin. Ya kamata ya nuna sifili. Kofin ruwa da ƙanƙara biyu suna iyo a sama ba gwaji ba ne, zai iya nuna uku ko huɗu ka zargi ma'auni a banza.

Gwaji na biyu shi ne tafasasshen ruwa zalla, kuma a nan ne mutanen Jos suke yar da ma'auni mai kyau. Ruwa yana tafasa a digiri 100 ne a bakin teku, kamar Legas. Duk hawan mita 300 yana rage kusan digiri ɗaya, Jos kuwa tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200, don haka ruwanka zai tafasa ne a wajajen digiri 96. Idan ma'auninka ya nuna 96 a tukunyar da ke tafasa sosai, lafiyarsa lau. Wanda ya nuna 100 a Jos shi ne maƙaryacin, ya yi sama da digiri huɗu. Mutumin Kano ko Kaduna zai ga kusan 98.

Ga kuma amfanin ma'aunin asibitin da na ce zan dawo kansa. A ɗan taƙin da yake aiki ya fi duk waɗannan daidaito, kuskurensa kashi ɗaya ko biyu ne cikin goma na digiri. Ka haɗa ruwa mai ɗumi kamar na wankan jariri a cikin kofi, ka juya sosai, ka sa su biyun tare kai da kai. Da haka ka samu wuri na uku a tsakiyar hanya. Idan ma'auninka ya yi sama da digiri ɗaya a ƙanƙara, ɗaya a ruwan ɗumi, ɗaya a tafasa, to ba sai ka canja shi ba: ka rubuta a ɗan salatif cewa a rage ɗaya, ka liƙa a jikinsa. Wanda ya kamata a jefar shi ne wanda kuskurensa ba shi da alƙibla, yau sama gobe ƙasa, ko wanda ka tsoma sau uku a ruwa ɗaya ya ba ka amsa uku. Ka maimaita gwajin ƙanƙara duk bayan dahuwa uku ko huɗu, da duk lokacin da ya faɗi ko ka sauya batir, domin batir mai rauni yakan sa wasu su karkace kafin lambobin su dushe. Saboda wannan ne nake ganin gara ka sayi masu arha guda biyu daga shago daban-daban da ka zuba kuɗin a kan ɗaya: ranar da suka saɓa wa juna, ka san lokacin gwaji ya yi.

Ko da ma'aunin ya yi daidai, kwaɓi ba ruwa ba ne, zafi ba ya bazuwa a cikinsa da kansa. Gindin tukunyar da ke kan wuta zai iya fin samanta da digiri biyar ko fiye. Ka juya da muciya daga ƙasa zuwa sama na tsawon minti guda, ka auna a wurare uku, tsakiya da gefe biyu, a zurfi ɗaya, kana jiran lambar ta tsaya cak kafin ka karanta. Kada ka yi saurin gyara da ruwan zafi ko na sanyi a minti biyun farko bayan haɗawa, domin garin bai gama ɗaukar zafin ba tukuna. Bayan an tafasa an huce kuma, duk abin da zai taɓa ruwan zaƙin sai an tsabtace shi, don haka ka tsoma tsinken a tafasasshen ruwa ko ka goge shi da sifirit kafin ka sa. In kana bin ƙa'idar dahuwa daga Amurka, ka lura lambobinsu na Faranhait ne: 152 nasu shi ne kusan 67 namu, kuma ɗan maɓallin da ke sauya C zuwa F a jikin ma'aunin yakan dannu a aljihu ba da saninka ba.

Don kwanakin aikin yis, bai kamata kana buɗe bokiti kana tsoma ƙarfe kullum ba. Takardar nan mai sauya launi ta wadatar. Masu sayar da kayan kiwon kifin ado suna da ita, yawanci daga digiri 18 zuwa 34, kuma wannan taƙin ya fi dacewa da mu a kan waɗanda aka yi wa Turai da ke tsayawa a ashirin da wani abu. Ka liƙa ta a ƙasa da inda ruwan ya tsaya a jikin bokitin, nesa da rana, kuma kada ta daɗe cikin ruwa in ka tsoma bokitin a baho don sanyaya shi, domin jiƙewa tana lalata ta. Kuskurenta digiri ɗaya ne ko makamancinsa, wanda ya isa a wannan mataki. A Jos da hunturu za ka iya ganin ta sauka ƙasa da 18 da asuba, sai ka lulluɓe bokitin da bargo. A watan Maris da Afrilu kuwa za ta haura 27, sai ka koma ga baho da jiƙaƙƙen tawul, ko ka nemi yis irin na ƙasar Norway da ake kira kveik, wanda ke aiki lafiya a digiri 30 zuwa 40. Idan wata rana ka samu tsohon firij da wutar da za ta riƙe shi, na'urar STC-1000 da masu injin ƙyanƙyasar ƙwai ke amfani da ita tana kunna shi tana kashewa a kan zafin da ka zaɓa. Ka manna tsinkenta a jikin bokitin, ka rufe shi da ɗan guntun soso don kada ya riƙa auna iskar firij, kuma shi ma ka fara tsoma shi a kofin ƙanƙara kafin ka ɗora masa dahuwarka.